Jan Fenti a Bangon Zauren Babana

Babana magini ne, maginin ƙasa, irin wanda ake tasowa tun daga ƙauyukan Kankia a nema idan mutum yana son soron da zai bar wa jikoki. A ƙauyenmu na yankin Kaikai da wuya ka shiga gida ka rasa aikin hannunsa, ko ɗaki, ko rumbu, ko katanga. Amma ginin da ya fi taƙama da shi ba shi ya tayar da shi ba. Zauren gidanmu ne, wanda mahaifinsa ya gina tun Baba yana matsayin mai miƙa tubali. Zaure ne mai kaurin bango, da zankwaye tsaye kamar ƙahoni a saman kusurwoyinsa, yana fuskantar hanyar da ta ratsa tsakiyar gari. Da tsakar ranar bazara idan ka shiga sai ka ji sanyi kamar ka leƙa cikin randa. Nan Baba yake cin tuwo da maƙwabta, nan ake ɗaura aure a raɗa suna, nan ake sulhunta waɗanda awakinsu suka yi ɓarna a gonar wani.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Wannan ya ba ni bakin da sauran 'ya'yansa ba su da shi. Ni kaɗai nake iya yi masa faɗa ya yi dariya ya ce, "To, tsohuwa ta tashi." Kuma na ci moriyar wannan gata iyakar iyawata, don Allah bai halicce ni da haƙuri ba.

Kowace shekara, idan zafi ya tsananta aka fara ganin hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa, lokacin yaɓe ya yi a gidanmu. Baba zai sa a haƙo jar ƙasa a bayan gari, a zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a jiƙa ta a tattake, a bar ta kwanaki tana ruɓa har sai warinta ya kori kaji. Mu mata muna jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, wadda ake shafawa a kan yaɓen don ruwa ya zame. Ranar aiki Baba zai hau tsani da 'yar shara, ƙannena suna jefa masa curin ƙasa yana caɓewa, yana bin bangon da tafin hannu. Duk inda damina ta ci bara sai ya mayar. Yana gyara indararo, yana ɗora wa zankwaye sabon kai. Idan ya sauko sai ya ja da baya ya tsaya yana kallo, hannuwansa a bayansa. Tun da na yi wayo ban ga shekarar da aka tsallake ba.

Ina aure a Kankia ina koyarwa a firamare lokacin da masu awon hanya suka zo. Ƙanena, wanda ke zaune da iyalinsa a gidan, shi ya ba ni labari. An ce za a shimfiɗa kwalta daga babban titi ta bi ta tsakiyar garinmu ta wuce ƙauyukan gaba. Suka kafa wani abu mai ƙafa uku suna leƙawa, suka buga fegi, sannan wani ya bi gidajen da ke bakin hanya da gwangwanin jan fenti yana zana alama. Bangon zaurenmu ya samu tasa, babba, dab da ƙofa.

Gari ya ɗauki zafi. Aka taru a ƙofar gidan mai gari, masu gidajen da aka shafa wa fenti suka ce ba su yarda ba, a kai hanyar bayan gari. Ana cikin hayaniya Baba ya miƙe. Ya tuna musu matan da aka ɗora a amalanke cikin naƙuda, wasu ba su kai asibiti ba. Ya tuna musu yadda motar hatsi ke ƙin shigowa da damina, gero ya yi kwantai a hannun mai shi. Ya ce, "In hanyag ga za ta zo, ta hwara ta kaina. Ba wanda gininai ya hi nawa tsuhwa cikinku, kuma na bayar." Mutumin da ya fi kowa asara ya ce ya yarda, wa zai buɗe baki kuma?

Sai babban jami'in da ya zo tare da masu awon ya yi bayani. Ya ce an auna kowane gida an ɗauki hotonsa, a kan haka za a biya diyya. Daga yau kada wanda ya ƙara wani abu a gininsa ko ya rage, don an sha ganin masu tayar da sabon bango bayan awo su ce a biya su. Ya ce ai ba ma za a daɗe ba, kafin ruwa ya sauka za a zo a rushe. Baba ya ɗaga hannunsa na dama a gaban mai gari da liman da kowa, ya ce, "Ku shaida, hannun nan ba shi ƙara taɓa bangon nan sai wanda ya hana ya ce a taɓa." Aka yi fatiha aka watse.

Da na ji, ban ga aibin maganar ba. Ni ma ina son hanyar. Duk ranar da zan je gida sai na hau babur daga Kankia, in isa da ciwon ƙugu da mayafi ja jawur. Abin da kawai ya ba ni tausayi shi ne zauren, amma Baba ya riga ya tsara komai. Zai ciro azarorin da hannunsa, ya kwashe tsohuwar ƙasar, ya ja baya kaɗan ya sake tayar da shi yadda yake. Ya ce tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa ƙarko. Har wurin da zai yi sabon harsashi ya nuna mini da sandarsa.

An fara aikin da ganga da kiɗa. Manyan mutane suka zo da motoci, aka kafa allo a bakin babban titi, katafila ta yi gurnani ta kankare daji, tifofi suka jibge jar ƙasa tuli-tuli. Samarin garinmu suka samu aikin lebura. Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Ɗan kwangilar daga nesa ya zo, da alama ba wanda ya gaya masa cewa a ƙasarmu ranar da ruwan shuka ya sauka ko ɗaurin aure sai a ɗaga. Gari ya waye ya tarar da shebur da kwanon kwasar ƙasa a zube, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gonarsa. Kafin su dawo taɓo ya riƙe tifa guda har gindi. Aka kwashe injuna aka kai sansaninsu, aka ce sai damina ta wuce.

Wannan ce damina ta farko da zauren ya sha ba yaɓe. Bai nuna komai ba. Bango mai kauri irin wannan shekara guda ba ta ba shi tsoro.

Kaka ta yi, rani ya shigo, ba mu ga kowa ba. Aka ce ba a biya ɗan kwangila ba. Daga baya aka ce an biya shi wani abu, amma ya kai injunansa wani aikin a wata jiha. Sai zaɓe ya matso, injuna suka dawo suka yi ta kai da kawo suna tayar da ƙura inda masu wucewa a babban titi za su gani. Aka gama zaɓe suka yi shiru. Wata rana na zo wucewa na ga an cire allon an kafa wani, da sunan wani kamfani daban. Mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya ce an soke kwangilar farko, kuma na farkon ya kai ƙara kotu, sai an gama shari'a na biyun zai taɓa ƙasa. Na ce masa, "To mu da muke shan ƙurar, wace kotu za mu?" Ya yi dariya, ni kuwa ba dariya nake ba.

A bazara ta biyu na tafi gida musamman saboda maganar yaɓe. Na tarar da Baba a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ban ko sha ruwa ba na ce, "Baba, hadari ya fara haɗuwa, ban ga an jiƙa ƙasa ba."

Ya ce, "Uwata, kin manta abin da na ce gaban mutane?"

"Ban manta ba. Amma su da suka ce kafin ruwa za su zo, sun zo?"

"Wannan tsakaninsu da Allah ne. Nawa alkawalin ni ka riƙe shi."

"Yaɓe fa kawai, Baba. Ba ɗaki za ka ƙara ba."

"Cewa sunka yi kar a ƙara kar a rage. Yaɓe ƙari ne ko ba ƙari ba ne?"

Na shiga wurin Inna, mahaifiyata, ina huci. Ta ce in ƙyale shi, ta yi maganar har bakinta ya gaji.

Sauran masu jan fenti ba su tsaya wannan dogon tunani ba. Da suka ga shekara ta juyo, kowa ya kwaɓa ƙasarsa ya yaɓe bangonsa. Wani maƙwabcinmu ma da ya gama sai ya sayo fenti a kasuwa ya mayar da alamar a inda take, har ta fi ta gwamnati kyau. Ba wanda ya ce musu kanzil. Wasu sun zo neman Baba ya yi musu aikin, ya ce gidan da ke da alama ba ya taɓawa, nasa ko na wani. Bai zarge su ba, bai kai ƙararsu ba. Shi dai ya ce su ba su ɗaga hannu a gaban liman ba, shi ya ɗaga. Kuma shi ya jawo su suka yarda, idan aka zo aka ce mutanen garin nan sun yi ha'inci, kada a fara nuna gidansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai daina aiki ba. Duk bazara yana kan tsani a gidajen cikin gari da hanya ba ta shafa ba, yana yi wa bangon mutane ado. Da yamma zai dawo da ƙasa har gwiwar hannu. Inna ta ce ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: ba ya shiga zaure sai ya tsaya a bakin rijiya ya wanke hannuwansa tas, har ƙarƙashin farce. Da can ba ya haka, sai ya shiga gida ake kawo masa ruwa. Ta tambaye shi dalili, ya ce hannu ya saba, yana tsoron ya wuce ta gefen tsaga da danyar ƙasa a tafinsa ya shafa bai sani ba.

Tsagar kuwa ta fito. Ta faro daga gindin indararon arewa, siririya, ta gangaro. Zankwaye suka gundule. Ruwa ya wanke makuba, ya cinye yaɓen, har tubalan suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya kamar haƙarƙarin saniyar da ta sha rani. Wuri ɗaya ne kawai ruwa bai ci ba, inda aka shafa fentin nan. Fenti ne mai mai, ya riƙe ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Ko'ina ya zaizaye ya bar alamar ta taso a jikin bango, ana iya shafa ta da hannu a ji tudunta.

Wata ranar Asabar na ga mota a sansanin masu aikin, na ce wa mai babur ya tsaya. Na samu wani injiniya, matashi mai ladabi, yana zaune a inuwar katafilar da ciyawa ta tsiro a ƙafafunta. Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya bari na gama, sannan ya ce in yi haƙuri. Ya ce shari'a ta ƙare, amma da suka zo farawa sai suka tarar zanen hanyar da rani aka yi shi, masu awon ba su ga kwarin da ke cika da ruwa a gabashin garinmu ba, babu gada a zanen, babu ko kwalbati. Dole a mayar da zanen a gyara. Kafin a gyara siminti da rodi sun tashi, dole a sake duba kwangilar. Wanda zai sa hannu an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce sai ya fahimci abin da ya tarar. Kuma ma'aikatansu na nesa sun ce ba za su kwana a daji ba saboda halin tsaro. Ya jero su duka, ko wanne da gaskiyarsa, ko wanne kuma ba laifin wanda ke gabana ba ne.

Na ce, "Duk na ji. Abu ɗaya na zo tambaya. Mahaifina zai iya yaɓe bangonsa?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Hajiya, wa zai hana tsoho gyara gidansa? Ni dai ban hana ba."

"To ka zo ka gaya masa."

Ya sosa ƙeya. Ya ce maganar gidaje da diyya ba ta hannun kamfaninsu, ta wani ofishi ce daban, ba zai je ya ba da izinin da ba nasa ba gobe a ce shi ya ce. Na tambayi inda zan samu mutumin da ya yi jawabi a ƙofar mai gari. Ya ce bai san shi ba, watakila ma ya yi ritaya.

Na kai wa Baba wannan magana da gudu, ina ganin na samo mafita. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yaron ya hwaɗi gaskiya, ba shi ya hana ba. Wanda bai ɗaure ba ba shi kwancewa."

Na ce, "Wanda ya ɗaure ɗin ya tafi gidansa yana barci, Baba! Ko sunan garin nan ba ya tunawa!"

Ya ce, "Ni ina tunawa."

Ranar na yi kuka a gabansa don takaici. Na ce masa taurin kai ne yake kira alkawari. Na ce kakana da ya gina zauren da yana raye ba zai yafe masa ba. Bai yi dariya ya ce tsohuwa ta tashi ba. Ya sunkuyar da kai yana murza igiyarsa.

Da na ga baki ya ƙi ci, sai na haɗa kai da ƙanena. Ranar da Baba ya tafi kasuwar Kankia, muka sa aka kwaɓa ƙasa a bayan gida, ƙanena ya hau ya cike tsagar nan tun daga sama har ƙasa, ya gyara bakin indararon. Aiki ya yi kyau, ɗan magini ne. Muka watsa busasshiyar ƙasa a kai don kada a gane. Wai mu za mu ɓoye wa Baba danyen yaɓe. Tun daga nesa ya hango. Ya sauka daga mota, bai shiga gida ba, bai cire rigar kasuwa ba. Ya ɗauko tsani ya jingina, ya hau, ya sa yatsunsa ya dinga ƙwaƙulo ƙasar yana yarwa. Ina tsaye a ƙofa ina kallo. Hawaye na bin gemunsa, bai daina ba sai da ya mayar da tsagar yadda ya bar ta da safe. Da ya sauko ya dubi ƙanena ya ce, "Kwaɓinka ya yi ruwa." Iyakar faɗan da ya yi ke nan. Har yau ban yi nadamar abin da muka yi ba, na dai yi baƙin cikin ganin abin da na gani.

Daga nan zauren ya fara mutuwa a gaban idonmu. Rufin ya fara yoyo, azara ɗaya ta lanƙwashe. Maƙwabta suka daina zuwa cin tuwo, kowa da uzurinsa, gaskiyar kuwa tsoro suke ji. Da matar ƙanena ta haihu, a ƙofar masallaci aka raɗa suna. Baba ya rame. Mutane suna cewa tsufa ne, ni na san ba shi kaɗai ba ne. Magini ne, duk abin da ke faruwa a cikin bangon nan yana ganinsa kamar yadda ungozoma ke ganin ciki. Ya san ranar da ruwa ya kai tsakiyar tubali, ya san ranar da gindin ya jiƙe.

Shi ya sa zauren bai kashe kowa ba. A wata damina, cikin marka, an yi kwana da kwanaki ana yayyafi ba a ga rana ba, Baba ya tashi da safe ya kwashe buzunsa da butarsa da allunan jikokinsa daga zauren. Ya ce wa Inna daga yau kowa ya bi ta ƙofar baya, ya gicciya itace a bakin zaure. Ya ɗauki tabarma ya tsallaka hanya ya zauna a gindin darbejiya, ya lulluɓa da buhu, yana fuskantar gidansa. Ƙanena ya kira ni a waya ya ce in zo. Na iso bayan azahar, jiƙe sharkaf. Na zauna kusa da shi a kan tabarmar.

Ana kiran la'asar bangon arewa ya buɗe. Ba wata ƙara mai yawa, wani nishi ne kawai, sai rufin ya zauna a hankali, ƙura ta tashi cikin ruwan. Mata suka sa salati a cikin gida. Baba bai motsa ba. Can ya ce, "Ya yi ƙoƙari. Ban zaci shina kai wannan shekara ba." Abin da ya rage a tsaye shi ne guntun bangon gaba, dab da inda ƙofa take, da jar alamarsa.

Bayan an yi girbi wasu masu awo suka sake zuwa da abinsu mai ƙafa uku. Wannan karon ba su shigo gari ba, ta bayan gari suka bi suna buga fegi a gonaki. Bayan kwana kaɗan mai gari ya zo gidanmu da kansa. Ina nan, don tun faɗuwar zauren Baba yake kwance-tashi, nakan zo duk ƙarshen mako. Aka shimfiɗa wa mai gari tabarma a tsakar gida, abin da ba a taɓa yi wa baƙo namiji ba a gidanmu. Ya ce albishir ya kawo. Sabon zane ya kauce wa kwarin nan, hanya ta bayan gari za ta bi, ba gidan da za a rushe. An aiko masa ya sanar da jama'a cewa kowa yana iya gyara gidansa.

Ni na fara magana daga bakin ƙofar ɗaki, ko kunyar mai gari ban ji ba. Na ce, "Wane gidan?" Inna ta daka mini tsawa. Mai gari ya sunkuyar da kai.

Baba kuwa tambaya ɗaya ya yi. Ya ce, "Daga ofishin da sunka hana maganar ta hito?"

Mai gari ya ce daga can ne.

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Sai ya juyo gare ni, "Uwata, ɗebo mani ƙasar can."

Na je kan tulin zauren na cika ƙwarya na kawo. Ya sa aka zuba ruwa kaɗan, ya cusa hannunsa na dama a ciki, ya murza, ya dunƙula, ya kai hanci ya shaƙa. Fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka har na manta. Ya ce ƙasar tana nan da ranta. Ya ce wa ƙanena gobe a fasa tulin, a tsince azarorin da ba su ruɓe ba, a nemo ciyawa, a jiƙa. Ya ce ba ma sai an ja baya ba, a kan tsohon harsashin za a tayar.

Aka jiƙa ƙasar. Kullum da safe sai a riƙo shi a kawo shi bakin kwaɓin, ya zauna a kan turmi yana ba da umarni, a ƙara ruwa nan, a tattake can. Yana cewa ta kusa nuna. Ni kuwa ina kallon ƙafafunsa da suka kumbura, ina jin yadda numfashinsa ke fita da ƙyar, ina cewa to Baba, Allah ya kai mu. Na koma Kankia ranar Lahadi da niyyar in dawo ranar da za a fara yin tubali. Kafin mako ya zagayo aka kira ni.

Mutumin da ya yi wa rabin gari zaure, da za a fitar da shi ta ƙofar baya aka bi da makara, ta gefen turken awaki. Masu zaman makoki rumfar haya aka kafa musu a kan hanya, ta leda mai ratsin shuɗi, iska na kaɗa ta. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce Baba mutum ne mai alkawari. Har da maƙwabcin nan da ya sayo fenti. Ina jin su daga cikin gida, ina amsa addu'a, zuciyata na tafasa. Ban san wa zan riƙe ba. Na nemi mutum ɗaya da zan ce shi ya yi mana wannan, in tsane shi in huta, ban samu ba.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, ƙanena ne ya gaya mini sauran bayan an share makoki. Ya ce da aka sa Baba a kabari aka jera itace, sai aka tashi kwaɓa ƙasar da za a toshe kafofin da ita kamar yadda ake yi. Ƙasar wurin yashi ce, ta ƙi kamawa. Sai ya tuna da kwaɓin da ke ƙofar gida. Ya aika aka ciko baro biyu. Ya ce ta nuna daidai yadda Baba yake so, tana kama hannu, ba ruwa ba tauri. Shi ya durƙusa ya yaɓe da tafinsa, ya bi ko'ina ya shafe, bai bar tsaga ko ɗaya ba.

Hanyar har yau ba ta iso ba. An kankare bayan gari, an jibge tsakuwa, an kafa allo na uku. Ƙanena ya ja katangar bulo inda zauren yake, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ce shi ba zai iya ɗaurin rufin ƙasa irin na da ba, kuma ba wanda ya rage a garin da zai iya. Guntun bangon nan na roƙe shi ya bar mini, ya bari. Duk bazara idan hadari ya fara haɗuwa nakan hau babur daga Kankia, in jiƙa ƙasa a tsohon kwano, in yaɓe shi da hannuna. Ban iya ba, yatsuna duk suna fitowa a jiki. Shekarar farko na shafe alamar, na rufe ta ruf. Ina wanke hannu a bakin rijiya sai na ji kamar na yi masa laifi, na koma na kankare wurin tun ƙasar tana danya.